Haenyeo: Matan Jeju masu nutso da numfashi ɗaya, da tekun da ke mutuwa a gabansu

Haenyeo kalma ce ta harshen Koriya mai ma'anar "matan teku". Da ita ake kiran matan tsibirin Jeju, can ƙarshen kudancin Koriya ta Kudu, waɗanda sana'arsu ita ce nutso zuwa ƙarƙashin teku ba tare da tukunyar iskar shaƙa ba. Mace takan ja numfashi ɗaya, ta kifa kai, ta gangara zurfin da ya kai mita 10, ta ɓamɓaro abin da ta samu manne a jikin duwatsu, ta taso kafin ƙirjinta ya gaza. Haka za ta yi ta maimaitawa na tsawon sa'o'i. Akasarin masu wannan aiki a yau kakanni ne, domin fiye da rabinsu sun haura shekara 70.

A ƙarshen shekarar 2016, a zaman da aka yi a Addis Ababa, hukumar UNESCO ta sanya al'adar haenyeo cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam. A wannan zama ne kuma aka shigar da bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin. A 2023 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta amince da tsarin kamun nasu a matsayin gadon noma mai muhimmanci ga duniya. A shekarar ce kuma adadin masu nutso a tsibirin ya faɗo ƙasa da 3,000 a karon farko. A tsakiyar shekarun 1960 sun haura 20,000.

Duk inda ƙungiyoyin agaji ke maganar ƙarfafa matan bakin teku ta hanyar nutso da kare muhalli, da wuya a tashi taron ba a nuna hoton wata tsohuwar Jeju cikin baƙar rigar roba tana murmushi ba. Hoton gaskiya ne, amma ba ya faɗin yadda aka yi sana'ar ta faɗa hannun mata, ko wace doka ce ta hana kowa shiga ruwansu, ko kuma wanda ke zuba musu dagwalo a ciki yanzu.

Yadda aikin yake

Jeju tsibiri ne da aman wutar dutse ya haifar. Ƙasarsa baƙin dutse ce mai zuƙe ruwan sama, ba ta riƙe shi yadda za a noma shinkafa sosai, saboda haka tun fil azal rabin abincin gida daga teku yake fitowa. Har yau haenyeo da yawa manoma ne: ranar da teku ya kwanta suna ruwa, ranar da ya tashi suna gonar karas ko tafarnuwa ko lemo. Bisa bayanin UNESCO, sukan yi aikin ruwa kimanin kwana 90 a shekara, wani lokaci har sa'a bakwai a yini, kowane nutso kuma bai cika wuce minti ɗaya ba.

Abin da suke nema mafi daraja shi ne abalon, wata halitta mai ɓawo ɗaya wadda ke manne wa dutse da ƙarfin gaske. Sai dodon-koɗin teku, wanda aka daɗe ana fitar da mafi yawansa zuwa Japan, da bushiyar teku mai ƙayoyi, da ganyayen teku iri-iri da ake miya da su.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai gilashin rufe fuska, da ɗamarar darma mai taimaka wa jiki ya nutse, da wani ƙarfe mai faɗin baki da ake kira bitchang wanda ake zura wa a ƙarƙashin abalon a ɓamɓaro shi. Sai tewak, wato abin da ke yawo a saman ruwa, an ɗaura masa ragar zuba kaya, kuma a kansa mai nutso ke kifa ƙirji ta huta. Wanda ya taɓa ganin masuntan Argungu sun faɗa kogin Matan Fada rungume da manyan goruna ba zai yi mamakin tewak ba, domin asalinsa ma gora ne. Daga baya ne aka koma yin sa da farin soso mai sauƙin nauyi ana rufe shi da kyalle ruwan lemo, don masu jirgi su hango shi daga nesa. Kafin shekarun 1970, da 'yar rigar auduga suke shiga ruwa, har cikin hunturu. Zuwan rigar roba ya raba su da azabar sanyi, amma ya ƙara musu sa'o'in aiki, kuma tare da ƙarin sa'o'in ne ciwon kai da ciwon kunne da na gaɓoɓi suka yawaita. Shan maganin kashe zafi kafin shiga ruwa ya zama ruwan dare a tsakaninsu.

Idan haenyeo ta taso, takan fitar da iskar da ta riƙe da wani sauti mai kama da fito, wanda ake kira sumbisori. Da shi take wanke huhu ta shaƙi sabuwar iska, da shi kuma abokan aikinta ke sanin tana raye. Ba a shiga ruwa a kaɗaice. Akwai wata kalmar da uwa ke koya wa 'yarta tun ranar farko, mulsum, wato numfashin ruwa: wanda mace ke ja a ƙarƙashin teku idan ta hango babban abalon, kwaɗayi ya sa ta ƙara daƙiƙu kaɗan a kan abin da ƙirjinta zai iya. Shi ne numfashin ƙarshe. Mutanen tsibirin na cewa haenyeo a lahira take samo kuɗin da za ta kashe a duniya, kuma har yanzu kusan kowace shekara ana tsamo gawar wata, galibi tsohuwar da zuciya ta tsaya mata a ruwa.

Masana sun daɗe suna nazarin jikinsu. A shekarun 1960 Suk Ki Hong da Hermann Rahn sun auna juriyarsu ga sanyi, suka same ta ta zarce ta sauran mutane, sai dai bincike na baya ya nuna juriyar ta ragu bayan zuwan rigar roba. A 2025 wata tawaga ƙarƙashin Melissa Ilardo ta Jami'ar Utah ta wallafa cewa bugun zuciyar haenyeo yakan ragu sosai yayin nutso saboda horo na shekaru, sannan akwai wani bambancin ƙwayar halitta mai alaƙa da sauƙin hawan jini da ya fi yawa a tsakanin mutanen Jeju. Wannan na da muhimmanci domin a da mata kan yi nutso da ciki har kusan ranar haihuwa.

Yadda sana'ar ta koma hannun mata

Babu wanda ya zauna ya tsara ba mata wannan aiki don ya ɗaukaka su. A zamanin daular Joseon, maza ne ke nutson abalon, kuma fadar sarki ta ɗora wa tsibirin harajin abalon mai nauyi wanda dole a kai kowace shekara. Wanda ya gaza cika kason da aka yanka masa bulala ce ladansa. Maza suka yi ta mutuwa a teku ko suna tserewa zuwa babban yankin ƙasar, har a 1629 gwamnati ta kafa dokar hana mutanen Jeju barin tsibirin, dokar da ta shafe kusan shekara 200. Harajin bai ragu ba don maza sun ragu, sai aka juya shi kan matan da a da ganyen teku kawai suke yanka a bakin gaɓa. Rubuce-rubucen ƙarni na 17 sun riga sun ambaci mata masu nutso, kuma wani kundin zane na 1702 da aka yi wa gwamnan tsibirin ya nuna su a cikin ruwa.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 kasuwa ta shigo. Jiragen Japan masu masu nutso da kwalkwali da bututun iska sun zo ruwan Jeju, suka share abalon cikin 'yan shekaru, domin wanda ake hura wa iska daga sama ba shi da dalilin tasowa sai ya ga ƙarshen abin da ke ƙasa. Ganin haka ne haenyeo suka fara cin rani, suna tafiya gaɓar babban yankin Koriya da Japan da Sin, wasu har Vladivostok ta Rasha, su yi watanni su dawo da kuɗi. Da irin wannan kuɗi aka sayi gonaki aka biya wa 'yan'uwa maza kuɗin makaranta.

Sai kuma masifar da Koriyawa ke kira 4.3, wato uku ga Afrilu. Daga 1948 zuwa 1954, a ƙoƙarin murƙushe wani tawaye, an kashe mutanen tsibirin da rahoton gwamnati na 2003 ya ƙiyasta tsakanin 25,000 zuwa 30,000, kusan ɗaya cikin goma na al'ummar, kuma jami'an gwamnati ne suka aikata mafi yawan kisan. Shugaba Roh Moo-hyun ya nemi gafara a 2003. Ƙauyuka da yawa sun wayi gari babu maza sai ƙalilan, zawarawa suka ciyar da marayu daga teku.

Masu tallata yawon buɗe ido kan ce Jeju tsibiri ne da mata ke mulki. Wannan magana ta yi wa gaskiya kwalliya. Mace ce ke kawo kuɗi, amma gadon gida da jagorancin bukukuwan tuna kakanni da kujerun shugabancin ƙauye sun daɗe a hannun maza, kuma masu ilimin zamanin Joseon kallon ƙasƙantattu suke yi wa matan da ke shiga ruwa da 'yar riga. Ba banza ba tsofaffin tsibirin ke da karin maganar da ke cewa gara a haife ka saniya da a haife ka mace.

Boren 1932

A 1920, lokacin Koriya na ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, an kafa ƙungiyar haenyeo domin kare su daga dillalai. Ba a jima ba gwamnan tsibirin, Bajapane, ya zama shugabanta, ƙungiyar ta rikiɗe ta koma makamin zalunci. Aka keɓe wa wasu 'yan kasuwa haƙƙin sayen kaya su kaɗai, a farashin da suka ga dama, ana tauye ma'auni, ana kuma karɓar kuɗin ƙungiya hatta daga yara da tsofaffi.

A watan Janairun 1932 matan ƙauyen Hado da maƙwabtansu suka fito zanga-zanga, riƙe da ƙarafan ɓamɓarar abalon da lauje. Ranar 12 ga wata, ranar kasuwar Sehwa, suka tare motar gwamnan suka miƙa masa buƙatunsu, ya amsa da baki. Maimakon cika alkawari sai aka shiga kame. Bu Chun-hwa da Kim Ok-ryeon da Bu Deok-ryang, 'yan mata ne da shekarunsu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, waɗanda suka koyi karatu da lissafi a makarantar dare, su ne suka ja gaba, kuma an tsare su an gana musu azaba. Ana ƙiyasta cewa idan aka haɗa dukkan tarukan, mahalarta sun kai 17,000. Ana lissafa shi cikin manyan boren da mata suka jagoranta a Koriya a zamanin mulkin mallaka, kuma an soke tsarin keɓe masu saye. A kusa da inda suka taru aka buɗe gidan tarihin haenyeo a 2006.

Abin lura shi ne rigimar ta ma'auni ce da farashi. Makarantar dare ta koya musu karanta sikeli, daga nan ne suka gane yawan abin da ake sace musu.

Gonar teku da dokokinta

Haenyeo na kiran ruwan da ke gaban ƙauyensu gonar teku, kuma da gaske kamar gona ake tafiyar da shi. Dokar ƙungiyoyin masunta ta 1962 ta kafa ƙungiyar gama kai ta ƙauye da ake kira eochongye. Akwai irinsu kimanin 100 a Jeju, kowace na riƙe da lasisin ruwan da ke gabanta, da iyaka sananniya tsakaninta da maƙwabciyarta. Baƙo ba ya kamu a ciki, kuma ba a yarda a ɗebi kaya da tukunyar iska ba. Wannan hani shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Tsawon numfashin mutum shi ne ma'aunin abin da za a iya cirewa a yini, abin da ya fi ƙarfin ƙirji kuma ya zauna ya hayayyafa.

A cikin kowace ƙungiya akwai majalisar matan da kansu. A da a bulteok suke zama, wani zagayen katangar dutse a bakin gaɓa inda ake hura wuta a ji ɗumi a sauya kaya. Yanzu an gina musu ɗakuna masu ruwan zafi. A nan ake yanke ranar shiga ruwa da ranar hutu, da hukuncin wadda ta saɓa. Akwai lokutan da doka ta hana kamu domin halittu su yi ƙwai: dodon-koɗi a watannin bazara, daga Yuni zuwa Agusta, abalon kuma daga Oktoba zuwa Disamba. Akwai kuma girman da idan halitta ba ta kai ba dole a mayar da ita. Sukan fita aikin gayya su kankare duwatsu, su kwashe shara, su zuba 'ya'yan abalon da aka ƙyanƙyashe a ruwa. Wadda ta ƙi fita aikin gayya takan biya tara. Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san ikon Sarkin Ruwa a ƙasar Kabi, inda ake rufe wani yanki na kogi sai ranar da aka ba da izini.

Masu nutso sun kasu aji uku bisa ƙwarewa: hagun na ƙasa, junggun na tsakiya, sai sanggun, gwanayen da ke zuwa mafi zurfi, waɗanda maganarsu ke da nauyi a majalisa. Ana keɓe wani wuri mara zurfi a kira shi tekun kaka, ba mai shiga sai tsofaffin da ƙarfinsu ya ragu. Gwana kan ɗebi wani abu daga ragarta ta zuba wa sabuwar shiga ko tsohuwar da ta taso hannu wofi. A ƙauyen Onpyeong, da makarantar firamare ta ƙone a 1950, matan sun ware wani yanki suka kira shi tekun makaranta, duk ganyen da aka yanka a wurin aka sayar aka sake gina azuzuwa da kuɗin. Kafin lokacin aiki kuma suna gudanar da bukukuwan addininsu na gargajiya na neman kariya da yalwa.

Hamada a ƙarƙashin ruwa

Dokokin nan sun iya hana mutanen ƙauye cinye gonarsu, amma ba su da iko a kan abin da ke zuwa daga waje. Ruwan da ke kewaye da Koriya na ɗumama da saurin da ya zarce matsakaicin na duniya. Dazukan ganyen teku, waɗanda su ne abincin abalon da dodon-koɗi, suna mutuwa, wani farin ɓawo mai tauri yana rufe duwatsun. Koriyawa na kiran wannan getnyeogeum, masana kuma na kwatanta shi da kwararowar hamada. Inda ganye ya ƙare, abalon ya tafi. Abalon na daji ya yi ƙaranci a Jeju har mafi yawan wanda ake ci a gidajen abincin tsibirin daga gonakin kiwo yake zuwa.

Ɗumamar yanayi ba ita kaɗai ce mai laifi ba, ko da yake ita ce ta fi sauƙin zargi tunda ba ta da ofis. Mazauna Jeju ba su kai 700,000 ba, amma masu yawon buɗe ido da ke zuwa a shekara sun haura miliyan 10, a 2016 ma sun zarce miliyan 15. Matatun ruwan ƙazanta sun sha cika su tumbatsa. Ga gonakin kiwon kifi jere a bakin gaɓa suna sako ruwansu cikin teku, ga takin zamani da ke gangarowa daga gonaki. A ƙauyen Woljeong, haenyeo sun yi dogon zaman dirshan suna adawa da shirin ninka girman matatar ruwan ƙazanta da ke kusa da su, suna cewa tun zuwanta kamunsu ya ragu. Gwamnatin lardin da ke buga hotonsu a allunan talla ita ce suke fuskanta a wannan rigima.

Rikicin Gangjeong ya fi ciwo. A 2007 aka zaɓi ƙauyen don gina sansanin sojan ruwa, bayan wani taro da mutanen da ba su kai 100 ba suka halarta. Da aka sake ƙuri'a a watan Agusta, mafi rinjayen waɗanda suka kaɗa sun ƙi. Duk da haka aka ci gaba: a watan Maris na 2012 aka fara fasa dutsen Gureombi na bakin gaɓa da nakiya, a 2016 aka buɗe sansanin. Wasu daga cikin haenyeo na ƙauyen sun goyi bayan aikin saboda diyyar da aka yi musu alkawari, lamarin da ya raba dangi da maƙwabta shekara da shekaru. Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk macen da ke cin abinci daga teku mai gadinsa ce a kowane hali. Tsohuwar da kamunta ke raguwa, 'ya'yanta kuma ba za su gaje ta ba, tana da nata lissafin idan aka ajiye mata kuɗi a gaba. Shugaba Moon Jae-in ya je ƙauyen a 2018 ya ba da haƙuri.

Ranar 24 ga Agustan 2023 Japan ta fara sakin ruwan da aka tace daga tashar nukiliyar Fukushima zuwa teku, aikin da zai ɗauki shekaru kusan 30. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta ce shirin ya dace da ƙa'idojin kariya. Haenyeo sun fito zanga-zanga duk da haka, suna cewa su ne ke haɗiyar ruwan da bakinsu, kuma ko da ruwan bai cutar ba, tsoron masu saye kaɗai ya isa ya karya farashi. Fim ɗin The Last of the Sea Women na 2024, wanda Sue Kim ta shirya, Malala Yousafzai kuma na cikin masu ɗaukar nauyinsa, ya bi ɗaya daga cikinsu har Geneva inda ta kai kukansu gaban Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

A wasu gaɓoɓin

Japan na da nata matan masu nutso, ama, da yawa daga cikinsu a yankin Toba da Shima, su ma sun tsufa suna raguwa. A mashigin Mannar da ke kudancin Indiya, mata na nutso su tsinko ganyen teku, yatsunsu naɗe da tsumma don kaifin dutse. Da gwamnati ta mayar da tsibiran wurin 21 gandun da aka kare a 1986, sai waɗanda suka gaji wurin kaka da kakanni suka wayi gari masu laifi, jami'an gandun daji na cin su tara. Matan da kansu suka rage kwanakin aikinsu a wata don ganyen ya farfaɗo, ɗaya daga jagororinsu, Lakshmi Moorthy, ta samu lambar yabo ta Seacology a 2015, amma lambar ba lasisi ba ce. A nan kare muhalli ne da kansa ya kori matan.

A Papua New Guinea ƙungiyar Sea Women of Melanesia na koya wa 'yan matan ƙauyuka nutso da auna lafiyar murjani, su koma su taimaka wa danginsu su keɓe wuraren da ba a kamu. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta a 2021. Aikin na da gindin zama ne domin a ƙasar, bisa al'ada, dangi ne ke da ruwan da ke gaban ƙauyensu, don haka akwai wanda zai ce a rufe a rufe.

Misali mafi kusa yana Gambiya, ko da yake matan can da kwalekwale suke aiki ba nutso ba. Fatou Janha Mboob ta kafa ƙungiyar TRY a 2007, ta haɗa mata kimanin 500 masu ɓamɓarar kawa a jikin saiwoyin itatuwan ruwan gishiri kusa da Banjul. A 2012 gwamnati ta ba ƙungiyar keɓantaccen haƙƙin wannan kamu a gandun Tanbi. Da haƙƙin ya shiga hannunsu, suka tsayar da kamu na wata takwas a shekara, kawar ta ƙara girma, farashinta ya tashi. Mace ba za ta bar abu ya girma ba idan ta san gobe wani zai zo ya kwashe.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 850 ko kusa da haka, kuma a yankin Neja Delta mata ne ke tsintar dodon-koɗi da kawa a cikin laka. Malalar mai, irin wadda ta auka wa Bodo a 2008 da wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya bayyana a ƙasar Ogoni, ta fara ne da kashe daidai wannan wuri da suke tsinta. Ƙa'idojin kamun kifi na 1992 sun hana manyan jirage jan koma a cikin mil biyar na farko daga gaɓa, amma ƙananan masunta sun daɗe suna kukan ana keta iyakar. A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikinsa, ya naɗa Adegboyega Oyetola minista. Tambayar da Jeju da Tanbi ke sa a yi wa irin wannan ma'aikata ita ce ko akwai wani yanki na ruwa da aka rubuta da sunan matan da ke aiki a cikinsa.

Wa zai gaje su

Raguwar haenyeo ta fara ne tun kafin teku ya lalace. Daga shekarun 1970 noman lemo da yawon buɗe ido suka buɗe wasu hanyoyin samu, makaranta ta yawaita, iyaye mata da kansu suka hana 'ya'yansu shiga ruwa. Da yawa cikinsu na ɗaukar wannan a matsayin babbar nasarar rayuwarsu: sun yi nutso ne don kada 'yarsu ta yi. Mai kukan ɓacewar al'ada daga cikin ofis mai sanyi ya kamata ya fara jin wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gwamnatin lardin Jeju na biyan kuɗin asibitin haenyeo, tana raba rigunan roba, tana ba tsofaffi alawus na wata-wata, har da wani na musamman ga wadda ta yarda ta ajiye aiki don a rage mace-mace a ruwa. Tana kuma tallafa wa sababbin shiga. An buɗe makarantar koyon nutso ta Hansupul a 2008, ta Beophwan kuma a 2015, kuma masu neman gurbi kan fi kujerun yawa.

Sai dai takardar kammala makaranta ba ta mayar da mace haenyeo. Dole ta zauna a ƙauyen, ta biya kuɗin shiga ƙungiyar masunta, ta cika kwanakin aikin da aka gindaya, sannan majalisar matan ta amince da ita. Katangar da ta kare gonar teku daga baƙi ita ce ke tare magada. Tsofaffin na da hujjarsu: kamu ya ragu, kowace sabuwar raga ragi ce a kason kowa, kuma ran mutum na hannun abokiyar nutsonsa, ba a ba da shi ga wadda ba a sani ba. Wasu ƙauyuka sun sassauta sharuɗɗa sun karɓi matasa, har da waɗanda ba 'yan asalin tsibirin ba, wasu kuma har yanzu ƙofarsu a rufe take. Waɗanda ake karɓa a shekara 'yan gommai ne, waɗanda ke ajiye aiki ko rasuwa kuwa ɗaruruwa.